Salansar Kawu

Da can ban ɗauki salansa a bakin kome ba. Gwangwani ne dai a ƙarƙashin mota, ba a tunawa da shi sai ran da ya fashe. Sai da na je hutun damina gida, Ruwan Bore, na san darajarta.

Kawuna yana da wata tsohuwar Golf da yake jigilar mutane da ita zuwa Mada da Gusau. Wata rana dutse ya daki cikinta, salansar kuwa da ma tsatsa ta cinye ta, sai ta tsage. Kawu ya ɗaure ta da waya, ya ce ta jira kaka, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da ya samu a tanki yake ƙarewa. In fasinja sun yi kukan hayaƙi na sa su ciwon kai, sai ya ce su sauke gilashi.

Ran nan muka yi yamma a Gusau, ba mu iso ba sai bayan magariba. Muna shiga gari motar ta yi tari, ta saki ƙara, tau! tau! To, mai karatu, garin da ya taɓa jin bindigar ɓarayin daji ba ya tsayawa tambaya. Kafin mu tsaya mata sun suri 'ya'ya sun faɗa cikin dawa. Gwaggona, wadda ciwon ƙafa ya daɗe da hana ta zuwa rijiya, a bayan rumbu aka same ta, ta gurje gwiwa, tana ta salati. Ba wanda ya zagi Kawu. A ganina da an zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da asuba ya fid da buhun dawa daga abincin gida, muka sayar, muka nufi wurin mai walda a Gusau. Da ya yanko tsohuwar ya nuna mini cikinta: 'yan ɗakuna ne da bututu mai huje-huje. Watau hayaƙi yakan fito daga inji a fusace, sai a yi ta zagayawa da shi ɗaki-ɗaki har ya huce, sa'an nan a sallame shi.

"Maigida, faci za a yi, ko 'yar Kwatano za a sa?"

Kawu ya ce, "Sa wadda ba ta magana."

Da muka komo, har muka tsaya a ƙofar gida ba wanda ya leƙo. Sai da na yi sallama sau biyu Gwaggo ta ɗago kai, ta ce, "Af, yaushe kuka iso?"