Rasidin Da Ba Mu Rubuta Ba

Ranar da saƙo ya iso cewa an amince da tallafin bincikenmu, mun yi murna kamar an ba mu kujerar Makka. Mu huɗu ne, har da shugabar tawagar, wadda muke kira Hajiya. Aikinmu shi ne bin diddigin tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano a 2016, a gonakin rani na Kadawa da Kura.

Mun tsara kasafin a farkon 2023, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin kashin farko na kuɗin ya iso, an janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, an saki naira a watan Yuni, lita ta haura 600. Kuɗin da muka yi wa lissafin shekara guda, a wata bakwai suka fara nishi.

Wanda ba ya cikin harkar yana zaton aljihun malami kuɗin suke faɗawa. Ina! Asusun jami'a suke shiga, kuma a lokacin ta asusun bai-ɗaya na TSA suke bi, wanda aka fara tilastawa a 2015. Kowane kwabo da gurbinsa: kuɗin mai ba ya komawa kuɗin takarda sai da izini a rubuce. Ba kuma a sakin kashi na biyu sai an ga rasidan na farko.

Wani dare ana gab da azumi, muka taru a falon Hajiya a Nassarawa GRA, muka baje takardu a kan darduma. Muka lissafa sau uku, amsar ba ta sauya ba: naira dubu 340 ba su da rasidi. Ba wanda ya ci ko sisi. Ɗan acaɓan da ya shiga da mu gona ba ya ba da rasidi. Haka manomin da ya bar ban ruwa yini guda yana nuna mana ganye. Ga kuma ɗalibanmu shida suna jiran alawus.

Sai ɗayanmu ya ce ai ana sayar da littafin rasidi a kasuwa, mu cike kawai, tunda gaskiya an kashe kuɗin. Ba za mu faɗi sunansa ba, domin dukkanmu mun yi wannan tunanin, shi dai ya riga mu furtawa.

Hajiya ta cire tabarau ta ce, "Malam, idan muka ƙirƙiri rasidi yau, gobe me zai hana mu ƙirƙiri adadin tsutsa?"

Falon ya yi tsit, sai ƙarar janareta.

Washegari muka rubuta wa masu tallafin, muka bayyana komai, muka nemi izinin rage ƙauyuka daga 12 zuwa 7. Muka koma gonakin da takarda, duk wanda muka taɓa biya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Hakan ya ci mana mako biyar, kashi na biyu ya makara wata uku. Alawus ɗin ɗalibai kuwa, karo-karo muka yi daga albashinmu, kuma ba mu ce bai yi mana ciwo ba.

A Kadawa, wani dattijo ya dangwala yatsansa, ya goge tawadar a gefen rigarsa, ya dube mu ya ce, "Malamai, ni ba takarda ce damuwata ba. In kun gano maganin, ku dawo ku faɗa mini gaskiya."

Tun ranar, kafin a sa awo ko ma'auni a mota, takardar sa hannu muke fara ɗauka.