Agogon Gado a Teburin Kawu

A farkon shekarun 1980, duk hutun makaranta ina teburin Kawu a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Gyaran agogo ne sana'arsa, amma abin da ya fi jawo masa mutane shi ne ƙiyasta kuɗin tsohon agogo, musamman idan an zo rabon gado. Alhazan da suka je Makka a shekarun 1960 da 1970 da wuya su dawo ba da agogon Jidda ba: Rado, Omega, Seiko 5, West End. Sai bayan sun rasu magada ke gane ba su san abin da ke hannunsu ba.

Lokacin kuma zinare ya yi tashin gwauron zabi. A Janairun 1980 oza ɗaya ta kai dala 850 a kasuwar duniya, ga agogon batir irin na quartz, wanda Seiko ya fara fitarwa a 1969, ya cika gari da araha. Sai mutane suka ɗauka tsohon agogo mai wani ba shi da sauran amfani in ban da zinaren jikinsa. Na ga agogunan da aka fasa aka kai gidajensu wurin maƙera, aka watsar da injin a gwangwani. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Wata rana wani saurayi ya zo da baffansa, da agogo uku a ƙulle cikin hankici, na mahaifinsa marigayi. Malamin da zai raba gado ya ce a kawo kuɗin kowane a rubuce.

Na farko an rubuta Rolex a fuskarsa, kuma a kansa suka ɗora rai. Kawu ya kara shi a kunne, ya dubi yadda hannun daƙiƙa ke tsalle ɗaya-ɗaya. Ya ce wannan kaɗai ba hujja ba ce, domin Rolex ma ya yi na batir tun shekarun 1970. Ya cire sarƙar ya nemi lambar da ake zanawa tsakanin ƙafafun gidan, wajen ƙarfe shida. Babu. Ya buɗe bayan, sai ga ɗan ƙaramin inji a zaune cikin zoben roba. Ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Wannan jabu ne." Baffan ya daɗe bai ce uffan ba.

Na biyu ya fi duka ƙyalli, amma a bayansa an rubuta 20 microns, wato ruwan zinare ne aka yi masa, kuma a gefen da yake gogar fata farin ƙarfe ya fara leƙowa. Kawu ya yi masa kuɗin agogo mai aiki, ya wuce.

Na uku shi ne suka raina: Omega Constellation, gilashi duk zane, fuska ta yi ɗigo-ɗigo, madaurin fata ya tsage. Kawu ya maƙala madubinsa a ido ya buɗe murfin a hankali. A ciki aka buga 750, kusa da shi kuma ga ɗan hatimi mai kan mace, wanda hukumar Suwizalan ke bugawa a kan zinare mai karat 18 a wancan zamani. Ya kira ni na duba, ya ce 750 na nufin kashi uku cikin huɗu zinare ne zalla, 585 kuwa karat 14 ke nan, 375 karat 9. Duk da haka bai tsaya ga rubutu ba, don rubutu ana iya buga shi a kan tagulla. Ya aike ni na kira maƙerin zinare, ya goga cikin murfin a kan baƙin dutse ya ɗiga asid. Layin bai ɓace ba. Suka zare inji da gilashi suka auna gidan shi kaɗai a sikeli, domin mai son cuta yakan auna da komai a lokacin sayarwa, ya zare komai a lokacin saye.

Daga nan Kawu ya rubuta kuɗi biyu: na zinaren idan an narka, da na agogon idan an bar shi a yadda yake, da injinsa na asali mai ɗauke da suna da lambar kamfani. Na biyun ya fi. Saurayin ya ce to a goge shi, a sake wa fuskar fenti, ya ƙara daraja. Kawu ya girgiza kai: "Yaro, kada ka yarda. Masu neman irin wannan tsufan suke saye. Goge yana cin zinare, fenti kuma yana kashe asali." A nan na ga bambancin masani da dillali. Kawu yana da halin ya ce musu tarkace ne ya saye a banza, ba wanda zai sani, alhali akwai marayu ƙanana a cikin magadan.

Baffan ya tuna musu cewa zinare bai halatta namiji ya ɗaura ba, don haka aka sa agogon a kason babbar 'yar marigayin, bisa kuɗi na biyu.

Irin waɗannan agoguna suna nan a akwatunan gidajenmu. Wanda ya tarar da ɗaya, ina roƙonsa kada ya bari a goge ko a narka kafin masani mai tsoron Allah ya buɗe bayansa a gaban magada.