Na Mai Da Wardi Ngaundere

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Garwa ba ya bukatar a yi masa bayanin zafi. Garin yana kwance ne a kwarin Binuwai, tsayinsa daga teku bai wuce mita ɗari biyu da 'yan kai ba, kuma da bazara ma'aunin zafi kan haura 40 har kwana da kwanaki. To, a cikin wannan gari ne ni mai taurin kai na shafe shekara goma sha biyar ina renon wardi a tsakar gidana.

Asalin abin daga yayana ne, Allah Ya jiƙansa. Shi ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Ngaundere tun zamanin Regifercam, kafin Camrail ta karɓi hanyar a 1999. Da ya bar aiki sai ya duƙufa a kan 'yar gadinarsa ta bayan gida. A 2009 na je masa ziyara, na tarar da wardi ja wur, kowane fure ya kai tafin hannun yaro, ƙanshi kuwa tun daga zaure. Na yi ta santi har ya gaji, ya yanko mini rassa uku ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Amma sai da ya ce, "Ƙanena, wannan abu ɗan sanyi ne fa. Kada ka wahal da shi, ka wahal da kanka." Na ce haba Yaya, ai ruwa ne da taki. A kan hanyar tasha ma na ƙara da tukwane huɗu daga wajen wani mai sayar da dashe a bakin titi, suka zama bakwai.

Shekara biyun farko sun ruɗe ni. Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da hunturu ke sanyaya dare, sukan ba da fure mai kyau, har maƙwabta su leƙo kallo. Abin da ban lura ba shi ne, wata biyun nan su ne iyakar rabona a shekara. Da Maris ya shigo sai furen ya ƙanƙance, launinsa ya koɗe. Wanda ya buɗe da hantsi, kafin la'asar gefensa ya ƙone kamar an kusanta shi da garwashi. Wasu ƙananan ƙwari masu kama da gizo-gizo, da ƙyar ido ke ganinsu, sukan yi saƙa a bayan ganye su tsotse shi har ya yi fari-fari ya zube. Da damina ta sauka sai baƙin tabo ya kama ganyen da ya rage. Gara kuma tana ƙasa tana nata aikin, musamman inda na zuba takin shanu da bai gama ruɓewa ba.

Huɗun nan na bakin titi su suka fi cutata, kuma sai da na daɗe kafin na gane dalili. Ashe 'yan aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro: an ɗauko idon iri mai kyau an ɗora a kan saiwar wardin jeji mai ƙarfi. Da zafi ya kashe na saman, sai uwar ta ƙasa ta tofo da nata rassa, dogaye, masu ƙananan ganye da ƙaya kamar ta sarƙaƙiya. Ni kuwa ina ta murna wai itacena ya yi ƙarfi. Shekara uku ina shayar da ƙaya, ko fure ɗaya ban gani ba. Mai karatu, in kana da irin wannan dashe, duba gindinsa. Akwai wani ƙulli inda aka haɗa auren, duk reshen da ya fito daga ƙasan ƙullin nan ba naka ba ne, fizge shi tun yana ƙarami.

Yaya ya rasu a 2016. Daga nan sai maganar wardi ta zama abin da ba a taɓawa a gidana. Uwargida ta san haka, ta yi ta haƙuri, tana kallon bokiti huɗu na tafiya gindin ƙaya kowace safiya, ita kuwa tana sayen zogale da lalle a kasuwa.

Azumin 2024 ne ya raba gardama. Ya faɗo daga Maris zuwa farkon Afrilu, cikin wani zafi da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Famfo ya riƙa ɗaukewa, muka koma sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa. Ran nan da asuba Hajiya ta same ni ina tsiyaya jarka a gindin wardi, ta tsaya ta ce, "Alhaji, ruwan alwalar yara ke nan ka ba itace." Ban ce komai ba. Bayan kwana biyu kuma jikanyata mai shekara huɗu ta bi ƙwallo ta faɗa cikin ƙayar, ta sami yanka a kunci, kaɗan ya rage ya taɓa ido. A daren nan na ce da Hajiya bayan Salla za a tone su.

Tonon wardi ba wasa ba ne. Tun da yamma na sa aka jiƙa ƙasar don ta yi laushi, washegari da sassafe ni da ɗan autana muka sare rassan da adda har suka dawo iya gwiwa. Sa'an nan muka haƙa rami kewaye da kowane gindi, kamar taki ɗaya daga jikinsa, muka sa diga muka ɓanɓaro. Na bakin titin nan saiwarsu ta yi nisa har ƙarƙashin katanga, kuma dole a bi ta a tsince, don guntun da aka bari yana iya sake tofowa da damina. Hannuna duk ya yi jini ko da yake na naɗe shi da tsumma. Rassan muka jibge a bayan gida suka zama shingen awaki, aikin kirki na farko da suka yi ke nan cikin shekaru. Daga ukun Yaya, biyu gara ta riga ta cinye cikinsu, da taɓawa suka ruguje. Na ukun kuwa da na kankare ɓawonsa da farce sai na ga kore shar. Na kasa sa masa adda. Na ciro shi da ƙasarsa, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu kamar yadda ya zo, na ce gobe sai Ngaundere.

Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 280 ne. Mun tashi bayan sallar asuba, muka haye gadar Binuwai, kogin ya janye sai rairayi da 'yan wanki. Yaran mota sun so su jefa buhun a saman mota tare da kaya, na ƙi, na rungume abina a cinya. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta tambaya ko magani ne. Na ce fure ne. Ta dube ni, ta dubi buhun, ba ta ƙara magana ba har Mbe.

Daga Garwa zuwa Ngong gonakin auduga ne da na dawa, duk an girbe, ƙasa ta yi fari fat. Gaba kaɗan hanya ta bi gefen gandun dajin Binuwai, inda gwaggon biri kan fito bakin titi su zauna kamar masu jiran mota. A Mbe aka tsaya, garin mutanen Duru masu noman doya, kowa ya sauka ya miƙe ƙafa, ni kuwa na sayi ruwan leda na yayyafa wa buhu. Bayan nan ne ake fara hawan dutsen da direbobi ke kira falez. Hanya ta yi ta murɗewa, manyan motocin kaya suna rarrafe suna hayaƙi, wasu an buɗe kansu a gefe ana jira inji ya huce. Kunne ya toshe. Can sai na ji iskar da ke shigowa ta taga ta sauya, ta yi sanyi, da ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa. A saman tudu har ciyawa ta fara tofowa, shanun Gudali suna kiwo, alhali a Garwa sai an shiga Mayu ake sa ran ruwan kirki.

Nan ne amsar abin da na yi shekara goma sha biyar ina gardama da shi. Ngaundere tana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000, daminarta ta fi tamu tsawo, darenta kuma da sanyi ko da bazara. Wardi yana son rana, amma yana son dare mai sanyi da zai huta ya tara ƙarfin fure. Duba inda ake nomansa don kasuwa a Afirka: bakin tafkin Naibasha a Kenya, da tuddan Habasha, duk ƙasashen sama ne. Alhazanmu ma sun san ruwan wardin Ɗa'ifa, wanda ake haɗawa da Zamzam wajen wanke Ka'aba. Ɗa'ifar nan a kan duwatsu take, can mutanen Makka ke gudun zafi. Ko a ƙasar Larabawa ba a kwari ake shuka shi ba.

Muka wuce Dang inda jami'a take, muka shiga gari wajen azahar. Daga nesa ana hango dutsen nan mai ƙaton curi a ƙololuwa, wanda aka ce daga shi garin ya sami suna, watau dutsen cibiya da harshen Mbum. Garin yana nan yadda na san shi: inuwar mangwaro a tituna, masu kilishi da zuma, da hayaniyar tashar jirgi, inda layin dogo daga Yawunde ya tsaya tun 1974, kaya su sauka daga tarago su hau manyan motoci zuwa arewa da Cadi. Kakanninmu fatake sun daɗe da sanin wannan gari, tun ana tafiya da jakuna.

Matar Yaya ta tsufa, ido ya yi rauni. Bayan gaisuwa na kwance buhun a gabanta, kunya ta kama ni kamar wanda ya dawo da amanar da ya kasa riƙewa. Ta shafa kututturen da hannu, ta yi dariya ta ce, "Ai marigayi ya faɗa. Ya ce wata rana za ka dawo da shi." Ta kira jikanta ya kawo fartanya. Uwar itacen tana nan a bayan gida, ta yi tsawo har ta wuce taga, ba mai yi mata komai sai ruwan wanke-wanke. Na so a dasa nawa dab da ita, Hajiya Babba ta hana, ta ce marigayi ba ya sa sabon wardi inda wani ya daɗe, ƙasar takan gaji da shi. Muka kai shi can kusa da bishiyar fiya, inda rana ke samunsa da safe. Na kwana biyu, har da bargo.

A gida kuwa Hajiya ba ta jira ni ba. Kafin in dawo ta sa an cike ramukan, ta auna wurin zogale biyar da lalle biyu da lemun tsami ɗaya. Ta bar mini kusurwa guda, a nan na dasa kariya, itacen nan mai kumburarren gindi da ke fitowa da kansa a duwatsun arewa, wanda Faransawa ke kira wardin hamada. Yana fure ruwan hoda a tsakiyar rani, ba ya neman ruwa sai jefi-jefi. Sai dai ruwan jikinsa dafi ne, mafarauta na dā da shi suke shafa kibiya, saboda haka na kewaye shi da waya don yara.

A watan Agusta jikan Yaya ya aiko mini da hoto ta waya. Kututturen ya fid da rassa huɗu, da fure biyu ja wur. Na nuna wa Hajiya, ta ce madalla, sa'an nan ta miƙo mini kwano ta ce in tsinko mata zogale, baƙi na zuwa da rana.