Biskit Ɗin Da Ya Shigar Da Ni Ɗakin Gwaggo

Da yawa daga cikinku ta littattafaina kuka san ni, inda kullum nake ba ku labarin wane ya so wance, wance ta ƙi wane. To yau labarina zan ba ku, kuma fulawa da bota da sukari su ne jarumansa. Ku biyo ni a hankali, domin a ciki akwai yadda ake yin abin, wadda take son gwadawa sai ta matso da biro da takarda kusa.

Kowane gida akwai wanda idan ya yi magana ta zauna. Mu a gidanmu Gwaggo ce, yayar Abbanmu, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana zaune a cikin birni a tsohon gidan mijinta, amma ko akuya za a sayar a gidanmu sai an je an faɗa mata. Lokacin da littafina na biyu ya fito, wata ta kai mata gulma, ta ce ai 'yar ƙaninki ce take rubuta littattafan soyayya. Washegari da hantsi sai ga Gwaggo a tsakar gidanmu, ko mayafi ba ta sauke ba ta fara. Ta ce yarinyar da za ta zauna tana ƙirƙiro yadda saurayi zai yi wa budurwa magana, wane ɗan mutunci ne zai aure ta? Ta tuna wa Abba cewa a 2007 an tara irin littattafan nan an ƙona a Kano a gaban 'yan makarantar mata. Abba bai ɗaga kai ba har ta gama. Da daddare ya kira ni ya ce, "Ban hana ki rubutu ba, amma na ukun nan ba zai fita ba sai da yardar Yaya."

'Yar'uwa, littafin nan shekara guda na yi ina rubuta shi, kuɗin bugawa kuma adashe na yi na tara. Umma ta je ta ba da haƙuri, ba a saurare ta ba. Ni kuwa idan na je gaisuwa, na durƙusa na ce "Ina kwana Gwaggo," sai ta ce "Lafiya" a taƙaice, ta ƙara muryar rediyonta. Haka muka yi wata uku.

Ana cikin haka Yayanmu ya dawo hutu daga jami'a da wani shirin talabijin na Turawa a kwamfutarsa, sunansa Ted Lasso, wanda aka fara nunawa a 2020. In faɗa muku gaskiya, shirin akwai zage-zage da wasu al'adun da ba namu ba, don haka ban ce ku je ku nema ba, ni ma ƙwallon da ke ciki ce ta sa Yaya yake kallo, na zauna a gefe ina tsintar shinkafa. Labarin wani Ba'amurke ne da aka ɗauko shi ya horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa a Landan, alhali bai san kan wasan ba. Matar da ta mallaki ƙungiyar, Rebecca, da gangan ta ɗauko shi don ƙungiyar ta rushe, saboda ta ƙuntata wa tsohon mijinta da yake son ƙungiyar kamar ransa. Shi kuwa bawan Allah kullum da safe sai ya shigo ofishinta da ɗan ƙaramin kwali ruwan hoda, da biskit a ciki, ya ajiye mata. Tana cin na farko ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi, har ta sa ma'aikacinta ya nemo mata kantin da ake sayarwa. Ashe babu wani kanti, shi yake gasawa da hannunsa a gida.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, mutumin nan bai taɓa roƙonta ta so shi ba. Zuwa kawai yake yi kullum da abinsa a hannu. Na ce a raina, ni ma ai ina da mai ofis a cikin birni.

Na ɗauki waya na bincika, na gano irin biskit ɗin da Turawa ke kira shotbired ne, asalinsa daga ƙasar Sikotilan, inda suke yawan cinsa a bikin sabuwar shekara. Abin mamaki kayan haɗinsa uku ne kacal, ban da ɗan gishiri. Babu ƙwai, babu ruwa, babu bakin hoda. Ƙa'idarsa ɗaya, biyu, uku ce a kan sikeli: sukari kashi 1, bota kashi 2, fulawa kashi 3. Wato idan kin auna sukari giram 100, sai bota giram 200, fulawa giram 300. Idan ba ki da sikeli, ki sami kofin shayi madaidaici: sukari rabin kofi, bota kofi ɗaya ya ɗan gaza, fulawa kofi biyu da rabi.

Ga yadda nake yi. Da farko ki daka sukarinki a turmi mai tsabta ko ki niƙa shi ya yi laushi, don kada ya riƙa ƙaras-ƙaras a baki. Ki zuba shi a roba tare da botar, ki sa muciya ko cokalin katako ki yi ta bugawa har ya yi fari ya yi sauƙi. Botar ta kasance mai laushi amma ba narkakkiya ba, shi ya sa a lokacin zafi na fi yin kwaɓin da asuba. Sai ki tankaɗe fulawa da ɗan gishiri a kai, ki haɗa da yatsunki a hankali har ya dunƙule. Da zarar ya haɗu ki cire hannu. Kada ki murza shi kamar na cincin ko na burodi, domin sirrin yana nan: man ne yake lulluɓe fulawar ya hana ta yin danƙo, shi ya sa biskit ɗin yake narkewa a baki. Idan kika murza, ko kika ga ya yi miki garin-garin kika zuba ruwa, to tauri zai yi.

Ki shafa mai a farantin gashi, ki zuba kwaɓin ki danna shi da bayan cokali, kaurinsa ya kai kamar kaurin yatsa. Ki tsattsaga shi da cokali mai yatsu don tururi ya sami hanyar fita. Mai firij ta sa shi ya yi rabin awa, marar firij ta ajiye shi kusa da randa. Idan kina da obin, ki sa wuta kaɗan, kamar digiri 150 zuwa 160, ya yi minti 35 zuwa 45. Mu gidanmu babu obin, da tukunya nake yi: in zuba yashi wankakke busasshe a gindin babbar tukunya, in ɗora a kurfoti ya yi zafi, in kifa gwangwani a tsakiya, in ɗora farantin a kai, in rufe, sannan in zuba garwashi kaɗan a kan murfin. Wutar ta zama ta haƙuri. Ba a son ya yi ja, da gefensa ya fara yin ruwan zuma ya yi. Ki yanka shi tun da ɗuminsa, dogo-dogo kamar yatsu, amma kada ki ɗaga sai ya huce sarai, in ba haka ba zai farfashe miki. A gwangwani mai murfi yana yin sati lafiya lau.

Maganar bota kuma, ta gaske wadda aka yi da madarar shanu ta fi ƙamshi nesa ba kusa ba, sai dai tsada. Ta roba da muke shafa wa burodi ma tana yi, amma ki nemi ta gashi, don wasu na shafawar ruwa ya yi musu yawa. Na gwada da man shanunmu na Fulani soyayye, ya yi ƙamshi ƙwarai, sai dai shi kusan zallan mai ne, don haka sai a ɗan rage shi.

Ranar Juma'a na jera guda takwas a ɗan kwano mai murfi, na hau a-daidaita-sahu na nufi cikin birni. Na gaishe ta, ta ce "Lafiya." Na ajiye kwanon a gefen tabarmarta na ce, "Gwaggo ga wannan, ni na yi." Ko kallonsa ba ta yi ba. Na share mata tsakar gida na yi sallama. Juma'a ta biyu na tarar da kwanon a wanke a bakin ƙofa, na ɗauka na ajiye wani. Ban tambaya ba, ba ta ce ba. Jikarta ce ta raɗa min a soro cewa Gwaggo a ƙarƙashin filo take ɓoyewa, da shayi take ci bayan sallar asuba, ko ɗaya ba ta ba su.

Wallahi akwai Juma'ar da na ji kamar kada in je. Kuɗin adashena ne yake tafiya a bota, ƙawayena marubuta suna ta tambaya yaushe littafi zai fito, ni kuma ba ni da amsa. Umma ce take cewa, "Je ki dai, ko ba don littafi ba ai uwa ce."

A Juma'a ta bakwai, ina ajiye kwanon sai ta kashe rediyo. Ta buɗe, ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta jujjuya shi a hannu, ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya koya miki gireba?" Na ce, "Gwaggo ba gireba ba ce, biskit ne na Turawa, a talabijin na gani." Ta yi tsaki ta ce, "Turawan me? Fulawa da mai da sukari, a gasa a wuta mai sanyi, ai gireba ke nan, riɗi kawai suka rasa. Mu da man gyaɗa muke yi." Daga baya na bincika na ga gaskiyarta, Larabawa ma suna da irinta, guraiba suke ce mata.

Ranar Gwaggo ta yi min maganar da ba ta taɓa yi min ba. Ashe a zamaninta duk unguwarsu babu wadda ta kai ta iya gireba da alkaki da nakiya da dubulan, idan za a kai gara wurinta ake zuwa tun saura wata guda. Ta ce tana da shekara 14 aka kai ta gidan nan, ba ta taɓa ganin mijin ba sai a daren. Tana cikin kulle take yin sana'ar, yara suna kai mata talla, da kuɗin ta saya wa Abbanmu kayan makaranta har ya gama. Na zauna ina kallon hannayenta da suka tattare, na ce a raina, ga labari a gidanmu ina ta nema a waje.

Juma'ar da ta biyo baya ita ta sa aka hura wuta, ta zauna a kujera 'yar tsuguno tana nuna min yadda ake dunƙula gireba a tafin hannu a dangwala ta a riɗi. Muna jiran ta gasu sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Shirmen nan da kike rubutawa, da me da me kike faɗa a ciki?" Gwaggo ba ta yi boko ba, ajami take karantawa, duk abin da ta sani game da littattafaina a bakin mutane ta ji. Na ce, "In kawo in karanta miki?" Ta ce, "Ni na ce ki kawo?" Na gane nufinta, na kawo.

Juma'a biyar muka yi ina karanta mata. Wani wurin ta yi tsaki, wani wurin ta ce "Allah ya ƙara," idan muguwar kishiya ta gamu da gamonta. Da muka zo inda aka yi wa yarinyar auren dole tana kuka a ɗakin uwarta, Gwaggo ta yi shiru ta daɗe, ta ja bakin zaninta ta goge ido, ta ce hayaƙi ne. Babu wuta a gidan a lokacin. Babin biki kuwa ita ta cika min shi da yadda ake jera gara a da, fanteka nawa, wa yake ɗauka, me ake ba 'yan kawowa tukuici.

Da muka gama ta ce, "Ki ce wa ubanki na ce a buga. Amma duk wanda kika rubuta nan gaba, kunnena zai fara ji kafin na kowa." Kun ga ke nan na sami izini, na kuma sami mai tace min littafi har abada, wadda babu ɗaukaka ƙara a hukuncinta. Har yau ba ta ce rubutu abin kirki ba ne, shirme take kiransa. Amma idan Juma'a ta yi ban je da wuri ba, sai ta aiko jikarta ta ce a tambaye ni ko yarinyar nan ta cikin littafi ta koma gidan mijinta.

'Yan'uwa, ban ce duk wadda ta gasa biskit za a biya mata buƙata ba, wata zuciyar ta fi ta Gwaggo tauri. Amma da yawanmu muna da babba a gida da muke ganin ba ya ƙaunarmu, kaka ko gwaggo ko abokiyar zaman Umma, mun iya gaisuwar nesa mu wuce, mu koma ɗaki muna ƙunƙuni. Ki gwada yin wani abu da hannunki ki kai, ki sake kaiwa, kada ki haɗa da roƙo. Fulawa kofi biyu da rabi ba za ta talauta ki ba. Kuma don Allah a fara da na gida, na san halinku, kada in ji an ce kwanon farko zaure ya nufa wurin mai zuwa zance.

Wadda ta gwada ta rubuto ta faɗa min yadda nata ya yi, musamman masu gashi da tukunya. Allah ya bar mana iyayenmu, ya sa mu gama da su lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.