Faransancin Inna

A shekarar 2023, lokacin da aka rufe iyakar Illela, Inna ta fara koyon Faransanci a gidanmu na Gidan Dare. Jikokinta na Yamai sun fi jin Zabarmanci da Faransanci, kuma sai ta waya take ganinsu. Takan jiƙa busasshen dabino da tsamiya tana maimaita sunayensu, "datte, tamarin". Ni mai digiri na yi mata dariya. Ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Dabinon nan ma da ya bushe, ruwa ya tausasa shi." Ranar da ta ce wa ƙaramar jikarta "viens manger", wato zo ki ci, yarinyar ta amsa da murna. Kunun tsamiya ya huce a hannuna, kunya ta hana ni sha.