Daga Ƙaraye zuwa Rogo: Wa Ke Fara Tarbar Mai Taɓin Hankali?

Duk wanda ya bi hanyar Ƙaraye zuwa Rogo da kaka, gonakin masara da dawa ne za su cika masa ido, bayan ya baro madatsar ruwa ta Challawa da masuntanta. Ni kuwa da na bi ta a bana, nisan garuruwan nan da Dawanau, inda asibitin masu taɓin hankali yake, shi na yi ta aunawa. Rogo tana can gab da iyakar Kano da Kaduna da Katsina. Mai kai majinyaci Dawanau daga nan yininsa ya tafi, kuɗin mota kuma na mutum uku ne, domin mutum ɗaya ba ya iya riƙe wanda ciwonsa ya motsa.

Caji ofis kuwa ga shi nan kusa. Saboda haka idan ciwon ya taso wa saurayi a tsakiyar kasuwa, ya rarumi sanda, yara suka bi shi da ihu da jifa, ɗan sanda ake kira. Shi kuma abin da aikinsa ya saba da shi tsawa ce da ankwa da bayan kanta. Ga wanda ke jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, tsawa ƙarin firgici ce, firgicin kuma shi ke sa a ɗauka taurin kai ne.

Birnin Mamfis na Amurka ya ɓullo da wani tsari a 1988, bayan 'yan sanda sun harbe wani mai wannan larura. Horon awa 40 ake ba jami'an da aka zaɓa: a janye 'yan kallo, a ba da tazara, mutum ɗaya ya yi magana cikin sassauci. Amma ƙashin bayan tsarin shi ne asibitin da ke karɓar majinyaci daga hannun ɗan sanda dare da rana. Wannan ɓangaren ne muke tsallakewa idan muna yabon Turawa.

Doka dai mun samu. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin mulkin mallaka. Sai dai kurtun da ke tsaye a kasuwar Rogo ba zai amfana da ita ba sai an koya masa aiki da ita.

A ganina, horon bai kamata ya tsaya ga 'yan sanda ba. Masarautar Ƙaraye, wadda tun 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin nan biyu, tana da dagatai da masu unguwanni da suka san gidan da aka sa wani a mari ko a turu. A zaunar da su aji ɗaya da jami'an da ma'aikatan asibitocin karkara. Sannan ƙananan hukumomin biyu su rubuta a kasafinsu wanda zai zuba man motar zuwa Dawanau, domin in babu shi, a bayan kanta majinyacin zai kwana.