MATSIRGA DA DUWATSUN KAGORO: WANE WATA YA FI DACEWA DA ZIYARA?

A ƙasashen da ke bakin teku akwai wani wasa da samari ke yi, watau mutum ya tsaya a kan wani allo, igiyar ruwa ta ɗauko shi ta taho da shi gaɓa. Wasan ya yi ƙarfi har an shigar da shi cikin wasannin Olamfik da aka yi a Tokiyo a shekarar 2021, a Legas ma akwai masu yinsa a gaɓar Tarkwa. Gwanayen wannan wasa ba su fita sai sun duba wata. A tsibiran Hawayi na Amurka, alal misali, manyan igiyoyi na gaɓar arewa kan zo ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'an nan ne ƙwararru ke taruwa, ɗan koyo kuwa ya jira har teku ya kwanta.

Mu a nan Arewa ba mu da teku, amma muna da ruwan da yake bukatar irin wannan lissafi. Kowace shekara 'yan makaranta da ma'aikata da iyalai sukan haɗa kuɗin mota su tafi Kafanchan ganin Matsirga. Waɗansu su tarar da ruwan ya ƙanƙance su komo suna cewa labarin ya fi abin, waɗansu kuwa su tarar ya yi haukan da ba shi kusantuwa. Duka biyu ba laifin wurin ba ne, lokaci ne ba su zaɓa ba.

GARIN DA JIRGI YA RAYA

Kafanchan tana kudancin Jihar Kaduna, ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a. Mutanen Fantsuwam su ne 'yan asalin wurin, amma jirgin ƙasa ne ya mai da shi babban gari. A shekarun 1926 da 1927 hanyar jirgi da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi ta iso nan, ta wuce ta sadu da ta Kaduna, aka kuma cire reshe zuwa Jos saboda kwasar kuza. Daga wannan reshe ne daga baya aka ja hanya ta Bauchi da Gombe har ta kai Maiduguri a 1964. Saboda haka Ibo da Yarabawa da Hausawa da sauran kabilu suka taru neman aiki da ciniki, har fadar Sarkin Jama'a ma ta komo garin a 1933.

A yau zirga-zirgar jiragen fasinja ta wannan hanya ta ja baya ƙwarai, maziyarci sai ya dogara ga mota. Mai tasowa daga Kaduna yakan bi ta Kachiya da Zonkwa, tafiyar da ta ɗara kilomita 200. Na Kano da Zariya suna iya yankewa ta Pambeguwa da Saminaka da Samarun Kataf. Na Jos yakan gangaro ta Manchok da Kagoro, ko kuwa ta Gidan Waya.

Matsirga tana bayan gari kaɗan, wajen Madakiya, cikin ƙasar Bajju a Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf. Sunan ma ya isa bayani ga mai jin Hausa, gama tsirgowa ita ce dirowa daga bisa. Ruwan yana tasowa ne daga maɓuɓɓugan duwatsun Kagoro, ya bi ta gefen Kafanchan, sa'an nan ya iso wani gefen dutse ya rabu bakuna huɗu, ya zuba cikin kwari mai zurfin kimanin mita 25 zuwa 30. A bayan labulen ruwan akwai wani ɗan kogo inda mutum zai iya tsayawa yana kallon ruwa na zuba a gabansa. Idan rana ta bugi feshin ta bayan mai kallo, sai bakan gizo ya bayyana.

DALILIN YAWAN RUWA

Baƙon da ya fito daga Kano ko Katsina yakan yi mamakin koren wannan ƙasa. Dalili kuwa shi ne iskar damina da ke tasowa daga Tekun Atlantika ɗauke da laima. Idan ta iso nan sai ta ci karo da gefen tsaunukan Jos, waɗanda duwatsun Kagoro suke cikin jerinsu, ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa damina takan fara a nan tun cikin Afrilu, ba ta ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba, abin da ake samu a shekara kuwa ya kusa ninka na Kano sau biyu.

To, amma rafi ba ya bin ruwan sama ƙafa da ƙafa. Ruwan fari ƙasa ce take shanyewa, sai ta ƙoshi tukuna rafuka ke kawowa sosai. Haka kuma bayan sama ta ɗauke, duwatsu sukan ci gaba da sakin abin da suka sha har tsawon makonni. Wanda ya gane wannan jinkiri ya gane rabin maganar zaɓen lokaci.

BAZARA DA FARKON DAMINA

Maris da farkon Afrilu su ne lokacin da Matsirga ta fi ramewa. Zafi ya yi yawa, ciyawa ta ƙone, ruwan ya koma sirara a jikin dutse. Mai son nazarin yadda dutsen yake zai ƙaru, amma wanda ya zo ganin ƙarfin ruwa ya yi asarar kuɗin motarsa. A wannan lokaci ne kuma yara suka fi sha'awar faɗawa cikin kududdufan da suka rage a rafuka, alhali ruwa mai kwanciya shi ne mazaunin dodon koɗin da ke yaɗa ciwon tsargiya.

Abin da ke jan baƙi a wannan lokaci ba ruwa ba ne, bikin Tuk Ham ne na mutanen Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, wanda akan yi a Kwoi wajen lokacin Ista.

Daga Mayu zuwa Yuni ƙasa takan yi kore shar, manoma sun duƙufa ga dashen citta da shukar masara, rafi kuma ya fara kawowa. Sai dai hadarin farkon damina yana zuwa da iska da tsawa, bisa dutse kuwa ba wurin tsayawa ba ne sa'ad da ake walƙiya.

MARKA

Daga Yuli zuwa Satumba Matsirga takan cika ta batse. Tun daga nesa ake jin rugugi, ruwan ya yi ja saboda laka, bakunan nan huɗu su kusa haɗewa. Ba shakka wannan ne lokacin da ta fi ban mamaki, shi ne kuma lokacin da ta fi hatsari.

Hatsarin iri uku ne. Na farko, gansakuka takan rufe duwatsun gangara, santsi ya yi yawa, wanda ƙafarsa ta zame kuwa ba abin da zai riƙe. Na biyu, ana iya yin ruwa a bisa duwatsun Kagoro alhali a Madakiya rana na haskawa, mutum yana tsaye a tsakiyar rafi sai ruwa ya taho masa ba sallama. Alamarsa ita ce ruwa ya sauya launi farat ɗaya, ya fara kawo ganyaye da itatuwa. Wanda ya ga haka ya fita nan take. Na uku, inda ruwa ke faɗowa daga bisa yakan yi juyi a ƙasa, yana mai da duk abin da ya shiga zuwa gindin dutse, ga shi kuma cike da kumfa wanda ba ya ɗaukar jikin mutum. Gwanin iyo na Kogin Kaduna ko na Tiga bai saba da irin wannan ruwa ba. Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, a nan kuwa ba sa'an gwani ba ne ma.

Har wa yau feshi da hazo sukan rufe wurin, hoto ba ya fita, hanyoyin ƙauye sun yi taɓo, sauro ya yi yawa. Ko a mafaɗar ruwan Biktoriya ta Kogin Zambezi haka abin yake: wajen Afrilu, sa'ad da kogin ya kai maƙura, feshi kan hana baƙi ganin ruwan da suka zo dominsa. Cikar ruwa daban, kyan kallo daban. Wanda tilas ta kai shi Matsirga a marka ya tsaya daga sama, nesa da baki, kada ya gangara.

KAKA: LOKACIN DA YA FI

Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba, a nan ne abubuwa ke haɗuwa. Sama ta ɗauke, amma duwatsu suna nan suna sakin ruwa, saboda haka Matsirga tana da ƙarfinta, ruwan kuma ya tace ya yi fari. Duwatsun gangara sun fara bushewa, hanyoyi sun tsane, ciyawa ba ta riga ta ƙone ba, ƙurar hunturu kuma ba ta yi kauri ba. Daga bisa dutsen Kagoro mutum zai hangi gari da gonaki har iyakar ganinsa.

Lokacin girbi ne kuma. Kudancin Kaduna shi ne gidan citta a Nijeriya, musamman ƙasashen Kachiya da Jaba da Kagarko, a wannan lokaci ne ake haƙarta, a tsaga, a shanya, har ƙamshinta ya riƙa bin matafiyi a hanya. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta ta yi mummunar ɓarna, farashi ya tashi, iri ya yi wuya, manoma da yawa suka sha wahala. Ban da citta akwai acca da doya da sabuwar masara a kasuwanni, ga kuma zuma.

Wanda ya zo a kaka ya kamata ya ƙara kwana ɗaya ya leƙa ƙauyen Nok a ƙasar Jaba. A nan ne masu haƙar kuza suka tono wani ɗan gunkin yumɓu a 1928. A farkon shekarun 1940 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu da aka samo a ƙasar Jama'a, wanda har an taɓa kafa shi a gonar doya don korar dabbobi. Da ya ga kamanninsu ɗaya, sai ya sa wa wannan tsohuwar al'ada sunan Nok, ya kuma kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952. Binciken da masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 ya nuna cewa mafarin mutanen Nok ya kai kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa.

HUNTURU DA BIKIN AFAN

Wanda ya fi son taro da kaɗe-kaɗe ya jinkirta zuwa ƙarshen Disamba. Ran 1 ga Janairu ta kowace shekara mutanen Kagoro ke bikin Afan, kalmar da ke nufin dutse a harshensu. Asalinsa godiya ce ta gama girbi da buɗe lokacin farauta. Maharba sukan fito da kayansu, ƙungiyoyin rawa su jeru, Sarki ya fito bisa doki. Bikin ya bunƙasa ne a zamanin Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarautar Kagoro daga 1945 zuwa 2008, watau shekara 63.

Amma kowane allazi da nasa amanu. A lokacin ruwan Matsirga ya fara raguwa, hazo kan rufe duwatsu, an fara ƙunar daji, dare da asuba akwai sanyi mai shiga ƙashi. Masauki kuma yakan yi wuya, kuɗin mota ya tashi, gama 'yan ƙasar da ke aiki a Kaduna da Abuja da Legas duk sun komo gida Kirsimeti. Sai mutum ya nemi wurin kwana tun da wuri.

ABIN LURA

Masu shirya tafiya a hutun Salla su tuna cewa shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana goma ko sha ɗaya, saboda haka Sallar da ta faɗo cikin rani a wata shekara, bayan 'yan shekaru cikin damina za ta faɗo. A duba watan Bature kafin a tsai da rana. Shugabannin makarantu kuwa, zangon farko ya fi dacewa da kai yara, cikin Nuwamba, da malamai isassu, a kuma ƙidaya yara kafin a gangara da bayan an hau.

Ba a ɓoye yake ba cewa wannan yanki ya sha fama da rigingimu, tun daga na Maris 1987 da na Zangon Kataf a 1992 har zuwa na bayan zaɓen 2011 da hare-haren shekarun baya. Saboda haka matafiyi ya tambayi halin hanya a tasha kafin ya tashi, ya yi tafiyarsa da rana. In ya isa, ya gai da mai unguwa, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, gama shi ya san dutsen da ke da santsi da inda ruwa ke da zurfi. A sa takalmi mai kama ƙasa, a bar silifa a masauki, kada a bi ta cikin gonar mutane, kada kuma a bar leda da gwangwani a bakin rafin da ƙauyuka ke sha.

A taƙaice, mai son ruwa ya je cikin Nuwamba, mai son biki ya je ƙarshen Disamba, wanda kuwa ya matsu sai ya ga Matsirga a marka, to, ya kalle ta daga nesa. Dutse da rafi suna nan ba inda za su, wanda ya yi haƙurin wata biyu ba abin da ya rasa. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya komo da shi gida lafiya.